Wa Ake Tayarwa, Kuma da Izinin Wa?

A watan Fabrairun 1990 zuciyar wata matar aure 'yar shekara 26 ta tsaya cak a gidanta da ke jihar Fulorida ta Amurka. Kafin a samu ta ci gaba da bugawa, ƙwaƙwalwar ta daɗe ba ta samu iskar da take buƙata ba. Sunanta Terri Schiavo. Duniya ta san ta ne saboda shari'ar da aka yi ta tafkawa tsakanin mijinta da iyayenta a kan cire robar da ake ba ta abinci, rigimar da ta kai har majalisar dokokin ƙasar da teburin Shugaba George W. Bush, kafin ta rasu a ƙarshen Maris na 2005. Abin da ba kasafai ake tunawa ba shi ne, tun a shekarar farko mijin ya kai ta Kalifoniya, likitoci suka huda ƙoƙon kanta suka dasa siririyar waya har tsakiyar ƙwaƙwalwa, suna tura mata lantarki kaɗan-kaɗan ko za ta dawo hayyacinta. Ba ta dawo ba. Da aka binciki gawarta, nauyin ƙwaƙwalwar giram 615 ne, kusan rabin abin da ake sa rai ga mace mai shekarunta.

Shekara biyu bayan rasuwarta, a 2007, mujallar kimiyya ta Nature ta buga labarin wani mutum ɗan shekara 38 da 'yan fashi suka yi wa dukan kawo wuƙa a ka a 1999. Ya haura shekara shida a gidan jinya, da roba ake ciyar da shi, sai jefi-jefi yakan motsa yatsa idan an umarce shi. Tawagar Nicholas Schiff da Joseph Giacino da likitan tiyata Ali Rezai ta dasa masa wayoyi biyu a asibitin Kilibilan. Bayan an kunna na'urar sai ga shi yana faɗin sunan abin da aka nuna masa, yana kai kofi baki, yana tauna abinci ya haɗiye. Mahaifiyarsa ta shaida wa 'yan jarida cewa ya iya ce mata yana son ta.

Kusan wuri ɗaya aka taɓa a kawunan mutanen nan biyu, amma ba a hali ɗaya suke ba, ko da yake wanda ya leƙa ɗakunansu zai rantse ciwonsu guda. Wannan bambancin ne ginshiƙin duk wata tambayar addini da ta hankali da aikin ya haifar.

Doguwar suma ta ainihi, wadda ido yake rufe ba barci ba farke, da wuya ta wuce 'yan makonni: ko mutum ya cika, ko ya farka, ko ya koma wani halin. Mutuwar ƙwaƙwalwa kuwa ita ce lalacewar komai har da tushenta mai kula da numfashi, ta yadda da zarar an kashe na'ura numfashi ya tsaya. Halin Terri Schiavo daban ne. Tushen ƙwaƙwalwar yana aiki, mutum yana numfashi da kansa, yana buɗe ido da rana ya yi barci da dare, yana hamma, yana nishi, wani lokaci har hawaye ko murmushi, amma babu alamar ya san kansa ko ya san wanda ke zaune kusa da shi. Bryan Jennett na Gilasgo da Fred Plum na Niyok ne suka siffanta wannan farkawar da babu hayyaci a mujallar Lancet a 1972. Sai a 2002 likitoci suka ware wani rukuni daga cikinsa, na masu ɓurɓushin hayyaci: wanda zai bi madubi da ido, ko ya matse hannu idan an ce ya matse, yau ya yi, gobe ya kasa. Mutumin 2007 a wannan rukunin yake.

Mutane da dama suna cakuɗa waɗannan halaye idan an zo maganar fatawa. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman a 1986 ta yarda a ɗauki mutuwar ƙwaƙwalwa gaba ɗayanta a matsayin mutuwa, idan ƙwararru sun tabbatar ba komowa. A 1987 majalisar Rabiɗa a Makka ta halatta cire na'ura a irin wannan hali da shaidar likitoci uku, sai dai ta ce ba a hukunta mutuwa sai zuciya da numfashi sun tsaya. Duka biyun ba su shafi mai numfashi da kansa ba. Shi rayayye ne: ba a raba gadonsa, matarsa ba ta takaba. Abin da aka ɗauke masa shi ne nauyin ibada. Duk ɗalibin zaure da ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin ya san cewa wanda ya suma ba ya rama sallar da lokacinta ya fita yana cikin sumar. Fiƙihu ya sauke masa wajibai, bai sauke masa haƙƙoƙi ba.

Ita na'urar da ke tura wa ƙwaƙwalwa lantarki ba baƙuwa ba ce. Tun 1987 Alim-Louis Benabid ya nuna a Giranobul ta Faransa cewa tura lantarki cikin ƙwaƙwalwa yana kwantar da karkarwa, kuma yau dubban masu cutar Fakinsin suna yawo da ita. Ana zura waya ta wani ɗan rami a ƙoƙon kai, a bi da igiyarta ta ƙarƙashin fata zuwa wani batir da ake binnewa a ƙirji. Ga wanda ya fita hayyacinsa, inda ake nufa shi ne tsakiyar talamus, wani ƙulli mai ɓari biyu da ke can cikin ƙwaƙwalwa wanda yake rarraba saƙo zuwa ɓawonta, musamman goshi. Kamar taransifomar unguwa yake: idan ƙarfinsa ne ya ragu alhali wayoyin gidaje suna nan, ƙara masa wuta zai haska unguwar, idan kuwa gobara ta cinye wayoyin da gidajen, duk wutar da aka tura ba inda za ta sauka. Bugun kai, irin na hatsarin babur ko duka, yakan tsinka wasu hanyoyi ya bar wasu. Rashin iska na tsawon lokaci kuwa yakan kashe ƙwayoyin ɓawon ƙwaƙwalwa ko'ina.

Tunanin farkar da mutum da lantarki ya samo asali ne daga gwajin da Giuseppe Moruzzi da Horace Magoun suka yi da kyanwoyi a 1949, inda suka gano cewa zaburar da wani sashe na tushen ƙwaƙwalwa yana sa ta koma yanayin farke. A ƙarshen shekarun 1960 Rolf Hassler na Jamus ya jarraba shi a kan mutum. Likitocin Jami'ar Nihon a Tokyo su ne suka fi daɗewa a kai, kuma a 2010 Takamitsu Yamamoto da abokan aikinsa suka ba da rahoton mutum 21 da aka dasa wa wayar, takwas suka fara bin umarni. Adadin yana da daɗin ji. Matsalarsa ita ce an yi musu aikin ne tsakanin wata huɗu zuwa takwas da samun rauni, lokacin da wasu majinyatan ke farfaɗowa da kansu ko ba a taɓa su ba. Wa zai ce wayar ce ta yi, ba lokaci ba? Wannan ne ya sa gwajin 2007 ya fi nauyi duk da mutum ɗaya ne tak: an wuce shekara shida, kuma tsawon wata shida ana kunna na'urar a kashe bi da bi ba tare da masu auna shi sun san wace rana take aiki ba. A Italiya, wani gwaji da aka buga a 2016 ya tantance mutum 40 ya dasa wa uku, ba wanda ya kai ga iya yin hulɗa mai ɗorewa. Har yau aikin gwaji ne, ba tabbataccen magani ba.

To, mene ne ya dawo a jikin mutumin 2007?

Akwai masu jin tsoron tambayar, suna ganin kamar likita yana shiga hurumin Ubangiji, yana kiran rai da batir. Akwai kuma masu murna da ita ta ɗaya ɓangaren, suna cewa ga hujja nan, ai mutum ba komai ba ne face lantarkin da ke kai-komo a kansa. Duka biyun sun yi gaggawa. Ba a tayar da matacce a Kilibilan ba. Mutumin yana da rai kafin aikin da bayansa. Kuma malaman Musulunci sun daɗe da wata fahimta da ke ɗaukar wannan lamari ba tare da ta girgiza ba. Imam Gazali, a babin tuna mutuwa na Ihya'u, ya ɗauki gaɓoɓi a matsayin kayan aikin ruhi, ya kwatanta mutuwa da shanyewar jiki da ta game dukkan gaɓoɓi, har ba wadda ke yi wa ruhin biyayya. A bisa wannan, lalacewar ƙwaƙwalwa lalacewar kayan aiki ce, gyara wani sashe nata kuma buɗe wa mai aikin ƙofa ne. Mai ganin cewa jiki ne kaɗai zai karanta sakamakon ta tasa fuskar, kuma gwajin bai isa ya raba gardamarsu ba. Abin da ya nuna ƙarami ne amma tabbatacce: bayyanar hayyaci tana rataye da wasu hanyoyi sanannu a cikin kai. Game da hakikanin ruhi, aya ta 85 a Suratul Isra'i ta riga ta gaya wa mutum iyakar saninsa, kuma wayar ba ta matsar da iyakar ba.

Abin da ya fi tayar da hankali ya fito ne daga wani ɗakin bincike daban. A 2006 Adrian Owen ya sa wata budurwa 'yar shekara 23, wadda aka yanke cewa ba ta cikin hayyacinta bayan hatsarin mota, a na'urar ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwa a Kambirij. Aka ce ta raya a ranta tana wasan tanis, sai sashen da ke tsara motsi ya kama aiki. Aka ce ta raya tana zagaya ɗakunan gidansu, sai sashen gane wurare ya ɗauka, daidai da na masu lafiya. A 2010 aka gwada mutum 54, biyar suka iya, ɗaya ma ya amsa tambayoyin i ko a'a ta wannan hanya. A 2024 wani babban bincike ya duba mutum 241 da ba sa nuna alamar bin umarni a gadonsu, ya samu 60 suna bi a cikin kawunansu, wato ɗaya cikin huɗu. Ko ba na'ura ma kuskuren yana da yawa: a wani asibitin Landan a 1996, mutum 17 cikin 40 da aka kawo da sunan ba su san komai ba, da aka duba da kyau sai aka ga sun sani.

A nan maganar ta daina zama ta falsafa kawai. Idan ɗaya cikin huɗu yana ji, to hirar da dangi ke yi a kansa ta rabon gona, da tsakin ma'aikacin jinya, da "ai wannan ya riga ya tafi, sai dai addu'a", duk akwai yiwuwar suna shiga kunnensa. Magabata sun san haɗarin yanke hukunci da abin da ido ya gani. Ibnu Rushdi na Ƙurɗuba, wanda alƙali ne kuma likita, ya ambata a Bidayatul Mujtahid cewa gaggauta jana'iza abin so ne amma ban da wanda ya nutse a ruwa da makamantansa, har ya kawo ra'ayin likitocin zamaninsa na a jinkirta binne wanda ciwo ya ɗauke wa motsi kwatsam zuwa kwana uku. Ƙa'idar da ke ƙarƙashin wannan ita ce yaƙini ba ya gushewa da shakka. An san mutumin nan da hankalinsa jiya. Wanda ya ce yau babu kowa a ciki, shi ne zai kawo hujja.

Sai babbar tambaya, ta izini. Wanda za a huda wa kai ba ya iya cewa i ko a'a. Aikin yana da haɗarin zubar jini a ƙwaƙwalwa, da shigar ƙwayoyin cuta, da farfaɗiya. Majalisar Fiƙihu, a zamanta na Jidda a 1992, ta ba waliyyi ikon amincewa da magani a madadin wanda ba shi da cikakken hankali, amma a ƙudurin nan dai ta hana yin binciken likitanci a kan irin waɗannan mutane ko da waliyyan sun yarda. Hikimar hanin a fili take, domin tarihin likitanci cike yake da marasa gata da aka mayar abin gwaji. Sai dai zaburar da talamus ya faɗo daidai kan iyaka: bincike ne, tunda ba a tabbatar da shi ba, magani ne kuma, tunda wanda ake fatan ya amfana shi ne wanda ke kwance.

Joseph Fins, masanin ɗa'ar likitanci da ya yi aiki da tawagar 2007, ya kafa hujja da cewa kariyar da ta hana a gwada komai a kan waɗannan majinyata tana iya zama wata hanyar watsi da su: an hana a taimake su saboda ba su iya ba da izini, alhali abin da ake son dawo musu da shi ke nan, bakin ba da izinin. Hujjar tana da ƙarfi, kuma ba ta yi nisa da ma'aunin fiƙihu ba, wanda ya ɗaure duk abin da waliyyi zai yi da maslahar wanda yake wa walicci. Amma ƙarfinta yana da iyaka. Tana tsayawa ne a kan majinyacin da aka auna aka ga hanyoyinsa suna nan, a cikin gwajin da ke da masu sa ido. Ba ta halatta a buɗe kan wanda hoton ƙwaƙwalwarsa ya nuna ɓawon ya tafi, don kawai dangi sun matsa ko asibiti yana son kuɗi. Wannan ba jinya ba ce, kuma yardar uwa mai kuka ba ta mayar da shi jinya.

Wasu suna kawo wani uzuri mai kama da tausayi: in aka tayar da shi rabi da rabi, ba an jefa shi cikin sanin halin da yake ciki ba? Gara a bar shi cikin rashin sani. Tambayar halal ce, domin mutumin 2007 bai koma aiki ba, bai koma gida da ƙafarsa ba, ya ci gaba da zama mai naƙasa mai tsanani. Amma uzurin yana ɗauka cewa kafin wayar babu wahala. Binciken da aka yi a Liyej ta Beljiyam a 2008 ya nuna cewa ƙwaƙwalwar masu ɓurɓushin hayyaci tana amsa zafi kusan yadda ta mai lafiya ke yi. Ke nan mai yiwuwa ciwon yana nan tuntuni, bakin faɗa ne babu. Wanda ya samu ikon nuna inda ke masa zafi, ko ya ƙi abincin da ba ya so, ya samu wani abu da ba a raina shi. Ko hakan ya isa ya rama haɗarin tiyata, wannan hukunci ne na kowane gida da likitocinsa, ba na mai rubutu daga nesa ba.

Labarai biyu ne suka fi yawo idan ana wannan magana. Terry Wallis na jihar Akansas ya yi hatsari a 1984, ya buɗe baki ya kira mahaifiyarsa a 2003, bayan shekara 19. Yarima Alwalid bin Khalid na Saudiyya ya yi hatsari a 2005, mahaifinsa ya ƙi yarda a cire masa na'ura, aka yi ta jinyarsa shekara 20 har ya rasu a Yulin 2025 bai farfaɗo ba. Masu cewa in da rai da rabo sukan kawo na farko, masu cewa a rungumi ƙaddara sukan kawo na biyu. Abin da masana suka gano game da Wallis ya fi duka biyun amfani: ba a cikin rashin hayyaci gaba ɗaya ya yi waɗannan shekarun ba, yana cikin masu ɓurɓushi ne, ba a dai tsaya an auna shi yadda ya kamata ba.

Wannan aunawar ba ta buƙatar batir a ƙirji. Ma'aunin da Giacino da abokan aikinsa suka tsara yana amfani da madubi, da kofi, da mataji, da kiran suna, kuma sharaɗinsa a maimaita shi a ranaku daban-daban, saboda hayyacin irin waɗannan majinyata yana zuwa yana tafiya. Akwai kuma tsohon magani mai suna amantadin, wanda gwajin mutum 184 da aka buga a 2012 ya nuna yana hanzarta farfaɗowar masu raunin bugun kai a watannin farko. Tun 2018 ƙungiyar likitocin jijiya ta Amurka ta daina kiran halin farkawar da babu hayyaci "na dindindin", ta kuma gargaɗi likitoci da su daina gaya wa dangi a makonni huɗun farko cewa babu fata ko kaɗan. Ga gidajen da hatsarin babur ya kwantar wa da ɗa, a Kano ne ko Maraɗi, waɗannan sun fi kusa da hannu fiye da kowace tiyata, tare da juya majinyaci don kada bayansa ya yi gyambo, da kula da yadda ake ba shi abinci don kada ya sarƙe ya shiga huhu.

Wanda aka ce wa ya sayar da gona ya kai ɗansa ƙasar waje a dasa masa waya, yana da haƙƙin ya tambayi likitan a wane rukuni majinyacin yake, sau nawa aka auna shi, bugun kai ne ko rashin iska, kuma aikin yana cikin gwaji mai rajista ko kuwa ciniki ne. Ga wanda aka tabbatar ya daɗe babu hayyaci bayan tsayawar zuciya, hujjar da ke hannu a yau ba ta kai a huda masa kai ba, kuma waliyyin da ya ƙi bai yi sakaci ba.